Sharhi: Rana A Afirka, Farantan Lantarki A Turai Da Sin

A ƙarshen watan Satumba na 2024, Ingila ta rufe tasharta ta ƙarshe mai ƙona gawayin kwal, bayan shekara fiye da 140 tana samun wutar lantarki ta wannan hanya. Tun yarjejeniyar Paris ta 2015, ƙasashe da dama suna rage dogara ga kwal da man fetur, suna komawa ga rana da iska. Abin tambaya, 'yan'uwa, shi ne: a ina ake kafa sababbin tasoshin, kuma wa ke cin moriyarsu?

Hukumar Makamashi ta Duniya ta bayyana a 2022 cewa kashi 60 cikin 100 na wuraren da suka fi dacewa da lantarkin hasken rana a Afirka suke, alhali kuwa kashi 1 kacal na farantan da aka kafa a duniya ke nahiyar. Jamus, wadda hadari kan rufe samanta watanni, ta fi Afirka gaba ɗayanta yawan farantan, ga kuma mutane wajen miliyan 600 kudu da Sahara ba su da wuta.

Dalili kuwa kuɗi ne. Tashar hasken rana ba ta shan mai, amma kusan duk kuɗinta tun ranar gini ake biya, galibi da bashi. Ruwan da ake ɗora wa irin wannan bashi a ƙasashe masu tasowa yakan ninka na Turai sau biyu ko fiye, don masu ba da rance suna tsoron faɗuwar darajar kuɗi da kamfanonin wuta marasa biyan bashi.

Ga kuma batun sarrafawa. Ƙasar Sin ke ƙera fiye da kashi 80 na farantan duniya. Kwango ta Kinshasa ke haƙo kusan kashi 70 na ma'adinin kobalt da ake sa wa a batura, amma yawancinsa a Sin ake tacewa. Haka aka yi da gyaɗarmu da kuzar Jos a zamanin Turawa: mu fitar da ɗanye, mu sayo sarrafaffe da tsada.

Duk da haka akwai waɗanda suka yi hoɓɓasa. Maroko ta buɗe kashin farko na tashar Noor a Warzazat a 2016. Kenya ta ƙaddamar da tashar iska ta Tafkin Turkana mai megawat 310 a 2019, ta haɗa da tururin ƙarƙashin ƙasa na Olkariya, har yawancin wutarta daga irin waɗannan hanyoyi take fitowa.

Mu ma abin ya shafe mu. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, majami'u da asibitoci da makarantun mishan suna zuba baikon jama'a a tankin janareto. Ya kamata dattawan ikilisiya su zauna su lissafa kuɗin man shekara uku, su kwatanta da kuɗin faranta da batura, ikilisiyoyin gunduma ɗaya kuma su haɗa hannu su saya a sari. Su kuma tura matasa koyon kafawa da gyara, don kada farantan su mutu a kan rufi. Amanar halitta da Allah ya danƙa wa ɗan Adam ta haɗa da wannan rana da yake fito mana da ita kowace safiya.