Tun a wurin da aka yi laifi shari'a ke lalacewa

Yawancin lokaci kafin 'yan sanda su iso wurin kisa ko fashi, jama'a sun riga sun tattake shi. Wani ya ɗauki wuƙar da hannunsa, an wanke jini, dangi na gaggawar suturta mamaci. Jami'in da ya zo kuma ba safar hannu, ba jakar adana shaida, balle rajistar da za ta nuna wanda ya karɓi kayan, yaushe, kuma wa ya miƙa wa. Da wannan giɓin kaɗai lauya yake kuɓutar da mai laifi.

Daga nan sai a koma tatsar ikirari da duka, alhali Dokar Shaida ta 2011 ta hana kotu karɓar ikirarin da aka samu ta tursasawa, dokar hana azabtarwa ta 2017 kuma ta mai da dukan kansa laifi.

Legas ta buɗe cibiyar gwajin DNA a 2017, madalla, amma ɗakin gwaji ba ya gyara samfurin da aka gurɓata. Ƙaramin ɗan sandan caji ofis ne ke fara isowa, don haka shi ya fi buƙatar horon tattara shaida tun yana kurtu a kwalejin 'yan sanda ta Kaduna, ba hafsoshin da ake yayewa a makarantar 'yan sanda ta Wudil kaɗai ba. Gwamnonin da ke raba wa rundunar motocin sintiri su haɗa da kayan tattara shaida.