Kiɗan jaz da tambayar da ya bar mana: mawaƙin mun san shi, to wa ya kaɗa?



Yau zancen kiɗa za mu yi, kuma kiɗan da galibinmu ba mu saba saurare ba, wato jaz. Mun san wani zai ce: ana fama da tsadar hatsi da matsalar tsaro, ku kuna can kuna maganar kiɗan Amurkawa? A yi haƙuri a karanta har ƙarshe. Akwai wata ɗabi'a a faya-fayan jaz na wannan zamani wadda ta shafi tuwon wasu bayin Allah a garuruwanmu, ta kuma shafi wani gado da muke kallo yana zubewa.

Ga wanda bai san shi ba, jaz ya samo asali ne a birnin Niyu Olins na Amurka a farkon shekarun 1900, a hannun baƙaƙen fata jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Tsarinsa ba shi da wuyar ganewa. Makaɗa za su fara da karin waƙar gaba ɗayansu, sannan a ba kowa fili ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki karin nan ya juya shi yadda ransa ya ba shi a nan take, sauran suna riƙe masa kiɗan a ƙasa. In ya gama ya miƙa wa na gaba. Daga ƙarshe su sake haɗuwa su rufe. Duk wanda ya taɓa tsayawa filin kokowa ya ji makaɗi yana juya taken ɗan kokowa, ko ya ji mai kalangu yana ba mawaƙi amsa da bakin ganga, to ya riga ya san rabin abin.

Ɗabi'ar da muke magana a kai ita ce wannan: a faifan jaz, duk wanda ya taɓa abin kiɗa sai an rubuta sunansa. Kuma masu saurare suna bin sunayen nan kamar yadda muke bin sunayen ƴan ƙwallo.

Mu ɗauki Samara Joy, yarinyar da aka haifa a Niyok a 1999. Faifanta mai suna Linger Awhile ya fito a 2022, kuma a watan Fabrairun 2023, tana da shekara 23, ta ci kyautar Grammy guda biyu: ta faifan waƙar jaz mafi kyau, da ta sabuwar tauraruwar shekara, inda ta kayar da ƴan waƙoƙin zamani masu miliyoyin mabiya. Muryarta ce a gaba, babu gardama. Amma duba bayan faifan: Pasquale Grasso a gita, Ben Paterson a fiyano, David Wong a babban bas, Kenny Washington a ganguna. Wanda kiɗan gitar ya burge shi zai nemi sunan Grasso, ya iske nasa faya-fayan, gobe a gayyace shi wasa da sunansa. Sunan da aka rubuta ya zama masa jari.

Cécile McLorin Salvant kuwa, wadda mahaifinta ɗan Haiti ne, mahaifiyarta Bafaranshiya, ta ci Grammy da faya-fayai ukku a jere. Na ukkun, The Window na 2018, kusan dukkansa ita ce da mai fiyano guda ɗaya, Sullivan Fortner. Ka saurara ka ji: wani lokaci ita ke jan shi, wani lokaci shi ke jan ta, har ta yi shiru ta bar shi ya yi ta zuba. Ba yaronta ba ne, abokin aikinta ne. Masu jin Faransanci a cikinmu su nemi faifanta Mélusine na 2023, don yawancin waƙoƙinsa da Faransanci ta rera su.

A jaz ma ba dole ba ne mawaƙi ya zama shugaba. A Landan akwai ƙungiyar samari biyar mai suna Ezra Collective, kuma jagoranta mai ganguna ne, Femi Koleoso, wanda iyayensa ƴan Nijeriya ne. Ƙanensa TJ ke kaɗa bas. Faifansu Where I'm Meant to Be ya ci kyautar Mercury a 2023, karon farko da ƴan jaz suka ɗauke ta. Femi ya sha karatu wajen Tony Allen, ɗan Legas ɗin nan da ya yi shekaru yana kaɗa wa Fela ganguna. Shi Tony Allen bai ƙare rayuwarsa a matsayin “makaɗin Fela” ba. A 2017 kamfanin Blue Note, wanda ya fi kowane suna a harkar jaz, ya fitar masa da faifai da sunansa, The Source, kafin rasuwarsa a Paris a 2020. Nan maƙwabtanmu Benin ma suna da Lionel Loueke, mai gita, wanda ya daɗe yana wasa tare da Herbie Hancock, kuma shi ma Blue Note ta fitar masa da Karibu a 2008.

To yanzu mu dawo gida mu tambayi kanmu. Babu gidan da ba a san Mamman Shata ba. Amma in ban da tsofaffin masoya da masu bincike ƙalilan, wa zai iya kiran sunan mutum biyu cikin masu kalangun da suka yi ta bin sa shekara da shekaru? Cire kalangun nan ka gani ko waƙar za ta tsaya da ƙafarta. A nan Nijar, shekaru da dama mutane suna jin wani kiɗan organ mai sanyi tsakanin shirye-shirye a rediyo da talabijin na ƙasa, da yawa ba su san mai shi ba. Mamman Sani ne, wanda ya naɗi kaset ɗinsa a 1978. Sai a 2013, da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi, duniya ta san sunansa, wasunmu ma a lokacin suka sani. Wannan ai abin kunya ne a gare mu.

Je gidan biki ka tsaya ka lura. Liƙi a goshin mawaƙi yake sauka. Mai ganga yana can baya gumi ya jiƙa masa riga tun la'asar, in an tashi a miƙa masa abin da aka ga dama. Gobe a yanka bidiyon a watsa a WhatsApp da TikTok, sunan mawaƙi da lambar wayarsa a rubuce, makaɗi ko oho. Ga kuma tsohon raini: makaɗi maroƙi ne, ana son kiɗansa ranar suna da ranar aure, amma in ya zo neman aure a gidan sai a fara duban ƙasa. Yaron da ya tashi ya ga yadda ake yi wa ubansa, don me zai ɗauki gogen?

Shi ya sa kiɗan fiyano ya cinye kasuwa. Mutum ɗaya a sitidiyo da kwamfuta zai fitar maka da kalangu, da sarewa, da ganga, duk daga cikin na'ura, a gyara murya, kafin magariba an gama. Ba mu ga laifin yaran da ke wannan sana'a ba, neman halaliyarsu suke, kuma wasunsu gwanaye ne. Mawaƙin da bai da ko jika goma a aljihu ba zai iya ɗauko makaɗa shidda ba. Amma mu faɗi gaskiya: kalangun da ke cikin na'urar nan, hannun wani aka naɗa. Ranar da hannuwan suka ƙare, sai mu yi ta maimaita sauti guda har abada, kamar mai cin tsohon hatsi bai shuka sabo ba.

Abin da zai ƙara ba ka haushi, su masu jaz ɗin sun san darajar abin da muke wulaƙantawa. Yusef Lateef, babban mai busa na Amurka kuma Musulmi, ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985, a cibiyar nazarin al'adu ta Jami'ar Ahmadu Bello, yana binciken sarewar Fulani. Mutumin da ya yi wasa a manyan zaurukan duniya ya zo ya zauna yana koyo wajen masu busar da muke wucewa a bakin kasuwa. Dee Dee Bridgewater ta tafi Bamako ta naɗi faifanta Red Earth na 2007 tare da makaɗan Mali. Shabaka Hutchings na Landan, a daidai lokacin da sunansa ke tashe, ya ajiye saksofon a ƙarshen 2023 ya koma busa sarewa iri-iri, ya fitar da faifai a kan haka a 2024. Su suna tahowa wajen sarewa, mu muna gudunta.

Kuma mun riga mun ga yadda abin kiɗa ke kai wa bakin kabari. Biram, wani abin kiɗa mai tsirkiya biyar na Buduma a tafkin Chadi, saura ƙiris ya ɓace, don gwani ɗaya ya rage, Boukar Tar. Malam Maman Barka ne ya tashi ya je ya zauna wajensa ya koya, ya kai biram har Turai, ya fitar da faifai a 2009 tare da makaɗi Oumarou Adamou. Allah ya yi masa rasuwa a 2018, Allah ya jiƙansa. Da bai yi wannan tafiya ba fa? Yanzu algaitar fadar Damagaram, da gurmi, da goge, da kakaki, kowannensu gwanaye nawa suka rage a garinku, kuma yara nawa ke zaune gabansu? Kowa ya ƙirga na unguwarsu.

Waɗancan samarin na Landan ba daga sama suka faɗo ba. A wata makarantar matasa suka haɗu, Tomorrow's Warriors, wadda wani mai bas, Gary Crosby, da Janine Irons suka kafa a 1991, inda ake koya wa yara kiɗa kyauta. Daga can Nubya Garcia ta fito, mai saksofon da ta yi faifan Source a 2020, daga can Shabaka ma ya bi. Sai da aka yi shekara 32 ana shuka kafin kyautar Mercury ta zo. Mu ma ba mu rasa tushe ba. Muna da cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Elhaji Taya a Yamai, muna da gidajen matasa da al'adu a manyan garuruwa. Muna da Mamar Kassey, inda Yacouba Moumouni ya sa sarewa a gaba tun faifan Denké-Denké na 1999, muna da Tal National da suka zagaya duniya da kiɗan hannu. Abin da ya rage shi ne a ɗauki makaɗi da muhimmanci.

Wani zai ce jaz kiɗan ƴan boko ne da masu kuɗi, talaka ba ya gane shi. Akwai ƙamshin gaskiya: a yau a Turai da Amurka tikitinsa da tsada, kuma waƙa ɗaya tana iya kai minti goma, ga mega tana tsada. Amma waɗanda suka ƙirƙiro shi talakawa ne da aka hana su shiga ta ƙofar gaba a otal ɗin da suke wasa. Kuma ba cewa muke yaranmu su bar gurmi su ɗauki saksofon ba. Kwaikwayo ba zai kai mu ko'ina ba. Ladabin da suke yi wa mai kiɗa, shi muke so a ɗauko.

Ga abin da muke gani za a iya farawa da shi ba tare da jiran gwamnati ba. Mawaƙa da masu sitidiyo, duk waƙar da za ku saki, ku rubuta sunan wanda ya kaɗa da wanda ya busa da ƴan amshi, ko da mai fiyano ne shi kaɗai. Ba ya cin ko dala. Masu gabatar da shiri a gidajen rediyo, in kun sa waƙa ku faɗi makaɗanta, kuma ku riƙa gayyato su hira, ba mawaƙa kaɗai ba. Makaɗa, ku je hukumar BNDA mai kula da haƙƙin masu fasaha ku tambayi matsayinku, kada ku bari sai an tsufa a fara yawo da takardar neman taimako. Masu shirya gasa, irin ta Dan Gourmou a Tawa da sauran bukukuwan al'adu, ku girmama gwanin goge da gwanin kalangu da kyauta mai tsoka, ku ba su fili su yi wasa su kaɗai. Mu kuma ƴan biki, in an tashi liƙi a taka a je baya inda masu ganga suke.

Wanda ke son ya ɗanɗana, ya fara da Ezra Collective, don kiɗansu yana da ɗumi kuma kunnenmu zai gane gangar. Daga nan ya wuce The Source na Tony Allen, sai Linger Awhile in dare ya yi. Ka zaɓi abin kiɗa guda ɗaya ka bi shi da kunne daga farko har ƙarshe, sannan ka duba sunan mai shi. In ka saba da haka, ranar da ka koma kan kaset ɗin Shata ko na Ɗan Gurmu za ka ji mutanen da ka daɗe kana wucewa ba ka gaishe su ba.

Wanda ya san wani tsohon makaɗi a garinsu, ya rubuto mana sunan abin da yake kaɗawa da garin, in da hali a naɗi wasansa da izininsa tun yana da ƙarfi. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba na raye lafiya da zaman lafiya a ƙasarmu. Amin.