Sabbin nau'o'in beton: wanne ne zai yi wa mai gini amfani a Nijar?

Ambaliyar daminar 2024 ta rushe dubban gidaje a ƙasar nan, har da tsohon masallacin birnin Damagaram, abin da ya sa gwamnati ta rage farashin siminti a watan Oktoba na wannan shekara. Tun daga nan ɗan kasuwa mai son ɗora bene bisa kantinsa, da ma'aikacin da ke tara buhu biyu ko uku a ƙarshen kowane wata, duk hankalinsu ya koma ga beton, wanda ƴan uwa na Najeriya ke kira kankare. Sai dai beton ba iri ɗaya ba ne, kuma a cikin shekaru arba'in da suka wuce masana sun sauya masa kama ƙwarai.

A ƙasar Japan, ƙarancin ƙwararrun magina ya sa Farfesa Hajime Okamura na jami'ar Tokyo ya fito a 1988 da beton mai kwarara da kansa, yana cika kowane lungu tsakanin ƙarafa ba tare da an girgiza shi ba. A Faransa kuma kamfanonin Lafarge da Bouygues da Rhodia suka haɗa Ductal, wanda babu manyan tsakuwa a cikinsa sai lallausan rairayi da ƙananan zaruruwan ƙarfe. Ƙarfinsa ya ninka na beton ɗin da aka saba gani kamar sau shida. Da shi aka yi ragar da ta lulluɓe gidan tarihi na MuCEM a Marseille, wanda aka buɗe a 2013. Abin sha'awa ne, amma tsadarsa ta fi ƙarfin mai gina ɗaki uku a Zariya ta Maraɗi.

Abin da ya kamata a tsaya a kansa shi ne sirrin da ke bayan waɗannan biyu, wato ruwan magani da ake ɗiga wa kwaɓi domin ya yi laushi ba tare da an ƙara masa ruwa ba. Buhun siminti mai kilo 50 ba ya son fiye da kimanin lita 25 na ruwa. Amma a wurin aiki, idan rana ta take, kwaɓi ya fara ƙamewa, sai lebura ya ƙara bokiti ɗaya ko biyu don shebur ya yi masa sauƙi. Wannan rarar ruwan za ta bushe ta bar ƙananan ramuka da ido ba ya gani, ta nan damshi ke shiga ya ci ƙarfe, ƙarfen ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa ginshiƙi. Mai gida ba zai ga ɓarnar ba sai bayan shekaru, lokacin da magini ya daɗe da cin kuɗinsa. Maganin nan kaɗan ake zubawa, kuma shi ne sabon abu mafi kusa da aljihun talaka.

Zafi ma yana da nasa hukunci. Masu ginin Burj Khalifa na Dubai, mai tsawon mita 828, da dare suka riƙa zuba beton a lokacin bazara, suna haɗa ƙanƙara a cikin kwaɓin. Ba wanda zai ce ɗan kwangilar Tawa ya sayi ƙanƙara, amma zuba dal da yamma maimakon tsakar rana a watan Afrilu, da rufe ta da jiƙaƙƙun buhuna ana shayar da ita har kwana bakwai, ba ya cin wani kuɗin kirki. Sai a kwana na 28 ne ake auna ƙarfin beton, wanda kuwa ƙishirwa ta kama a makon farko ba ya taɓa kai wa wannan mizani.

Akwai kuma wani sabon siminti da ya shafi ƙasa baki ɗaya, ana kiransa LC3. Masu bincike na makarantar injiniyoyi ta Lausanne a Suwizilan, ƙarƙashin Farfesa Karen Scrivener, tare da takwarorinsu na Kuba da Indiya, su ne suka inganta shi. Abin da ke sa siminti tsada shi ne kilinka, dunƙulen da ake samu bayan an gasa dutse a zafin digiri 1450. A LC3 kilinka rabi ne kawai: kashi 30 cikin ɗari yumɓu ne da aka gasa a digiri kamar 800, kashi 15 niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa, kashi 5 jibsi. Makamashi ya ragu, hayaƙi mai ɗumama duniya ya ragu da kusan kashi 40, ƙarfi kuma bai gaza ba.

Ga ƙasar da ba ta da bakin teku, wadda ta ɗanɗana karyewar darajar sefa a 1994 da rufe iyakoki a 2023, duk tan ɗaya na kilinka da aka rage riba ce. Dutsen farar ƙasa da jibsi suna nan a Adar, su ne ma dalilin kafa masana'antar Malbaza tun shekarun 1960. Saura yumɓu, kuma ba kowanne ke yi ba: sai mai ɗauke da sinadarin kawolin aƙalla kashi 40 cikin ɗari. Kyawun tukwanen Mirya ko na Bubon ba hujja ba ce, awo ne kaɗai zai raba gardama. Wannan aiki ne na ma'aikatar ma'adinai da jami'o'in ƙasa, kuma ya dace ƴan kasuwar da ke da jarin shigo da siminti su fara tambayar sakamakonsa.

Kafin wannan lokaci, mai gini ya tuna cewa mita kubik ɗaya ta beton na ginshiƙi ko na dal buhu bakwai take ci, wato kilo 350, kuma yana da haƙƙin ya tsaya ya ƙidaya buhunan da aka farke a gabansa.