Liyarin Kaka Ya Tafi Maƙera, Mu Muna Rubuta Dubai

Maƙalar wannan makon da mu take, kuma ba lallai ta yi mana daɗi ba.

Duk wanda ya tashi a cikin ganuwar Zariya, daga Kwarbai zuwa Ƙofar Kuyambana, ya san har yau akwai tsofaffin da ke ɓoye da ƙullin tsumma a ƙasan adaka. In aka kwance, sai a ga liyari ɗaya ko biyu, da sulallan da suka yi baƙi, da fatakar da aka huda aka zura wa zare. Ran da tsohuwa ta rasu, kafin a share makoki wani jika ya kai su wurin dillali ko maƙerin farfaru, an ɗora a sikeli, an biya shi kuɗin awo. Bayan kwana biyu sun zama zobba. Mu kuwa da muke kiran kanmu marubuta muna ɗaki muna tsara labarin Alhajin da ya yi wa budurwa ruwan daloli a Dubai, garin da yawancinmu a waya kawai muka gan shi.

Mu gwada kanmu. Kwabo nawa ne a sule? Sha biyu. Taro kwabo uku, sisi kwabo shida, fataka sule biyu, fam sule ashirin, anini goma kuma su ne kwabo ɗaya. Mu nawa muka san wannan kafin yanzu? Amma kullum muna rubuta "ba shi da ko sisi" da "wuri na gugar wuri". A garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ga jikokin masu karanta ta ba su san darajar kwabon ba.

Jahilcin nan yana cin mutane ta fuska biyu. Na farko shi ne mai ganin 1780 a jikin liyari ya ɗauka ya tsinci miliyoyi. Hoton da ke jiki na Mariya Tariza ne, sarauniyar Ostiriya, wadda ta rasu a 1780. Bayan rasuwarta aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekarar ba canji, a Biyana, daga baya har a Landan da Rum da Bambai. Saboda haka liyarin kaka zai iya zama ƙanen kaka a shekaru. Na biyu shi ne mai sayarwa a wulaƙance don bai san abin da ke hannunsa ba. Liyari na gaske nauyinsa giram 28 ne, kusan giram 23 daga ciki zallar azurfa. Sule da fatakan da hukumar kuɗin Afirka ta Yamma ta fara fitarwa a 1913, masu hoton Sarki Joji na Biyar, na azurfa ne. Daga 1920 aka koma gaurayen tagulla. Azurfa ba ta kama maganaɗisu. Wanda kuma ya goge tsohon kuɗi da toka da lemon tsami don ya yi ƙyalli, ya rage masa daraja a idon masu tarawa.

To amma ko masu tarawar, iyakacinsu shekara da nauyi da lafiyar tambari. Akwai kimar da sikelinsu ba ya ɗauka, kuma ita ce aikinmu. Lokacin da Bature Barth ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa ana canza irin wannan dala a kan wuri 2,500. Ku lissafa jakin da zai ɗauki kuɗin liyari ɗari, sannan ku gane abin da ya sa fatake ke son azurfa. Wa ya shigo da wannan liyarin gidanku? Sadaki ne? Ribar fatauci ce? Ko kuɗin da aka fanshi wani da shi daga bauta, abin da gidaje da yawa ba sa son a tuna? Wace ce ta hana a kashe shi a shekarar yunwa, kuma me ta jure kafin ta hana? Kowace amsa littafi ce, kuma mai amsar tana can ƙuryar ɗaki, ba mai tambayarta.

Mun san abin da za a ce: ana fama da abin sawa a baki, wa ke ta tsohon ƙarfe? Gaskiya ne, kuma ba mu zargin marainiyar da ta sayar da gadonta ta biya kuɗin makaranta. Haƙƙinta ne. Zarginmu yana kan mai alƙalamin da ke gida ɗaya da ita, yana da waya mai kyamara, bai ɗauki hoton kuɗin gaba da baya ba, bai auna shi ba, bai rubuta ko layi uku na tarihinsa ba. Wannan ba ya cin ko anini. Lalaci ne, da raina abin gida.

Naira ta zo a ranar 1 ga Janairu 1973. Duk wanda ya yi ciniki da sule yana da wayo, yau ya kai sittin ko ya haura. Lissafin ba ya buƙatar malami.

Aikin wannan makon ke nan. Kowa ya je wurin tsohuwar gidansu ko ta maƙwabta, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce: "Iya, nawa aka biya sadakinki, kuma da wane irin kuɗi?" Ya yi shiru ya saurara. In ta kwance ƙullin, kada a goge, kada a yi mata maganar farashi. A rubuto mana shafi ɗaya da kalmominta, yadda ta faɗe su. Alhajin Dubai zai iya jira zuwa wani makon.