A Ba Mu Ɗakin Aikin Rukuni

Duk wanda ya leƙa ajinmu zai ga bencina a jere, kowa yana kallon ƙeyar na gabansa. Wannan tsari ya dace da sauraron malami, amma ni a ganina bai dace da aikin rukuni ba.

A zangon da ya wuce, malamin aikin gona ya raba mu shida-shida, ya ce kowane rukuni ya shuka masara da wake a gwangwanaye, ya riƙa auna tsayinsu har mako uku. To, ina za mu taru? Lokacin karatun dare, da ka buɗe baki sai monita ya rubuta sunanka cikin masu surutu. Muka jera gwangwanayen a bayan aji, ran kwana na tara awaki suka cinye tsiron. Wasunmu, ba zan kama suna ba, ƙaga lambobi suka yi suka miƙa.

Matsalar ba ta yau ba ce. Da aka soma tsarin 6-3-3-4 a 1982, gwamnati ta sayo injunan koyon sana'a daga ƙasashen waje, amma da yawa a akwatunansu suka lalace saboda rashin ɗakin kafa su.

Mu ba sabon gini muke roƙo ba. Ga tsohon sito nan kusa da ɗakin cin abinci, ba kome ciki sai karyayyun gadaje. Muna roƙon shugaban makaranta ya ba mu shi, iyayenmu kuma su taimaka da tebura huɗu masu faɗi da kabad mai kwaɗo. Shara da shafen farar ƙasa, mu za mu yi.