Kafin a Zargi Mai Zuma, a Dubi Mazubi

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai sayar da zuma a kasuwar Ƙanƙara ko ta Sheme ya san irin binciken da mai saye kan yi kafin ya zaro kuɗi. Wani ya ɗiga ta cikin ruwa ya ga ko za ta nutse, wani ya shafa wa tsinken ashana ya kyasta, wani kuma ya ɗiga ta kan rairayi. Duk fargabar guda ce, kada a sayar masa da sukarin da aka dafa. Amma da zarar ciniki ya faɗa, ba mai sake tambayar abin da aka zubo zumar a ciki, ko abin da za a juye ta in an je gida. Tsohuwar gorar ruwa ce, ko galan ɗin da ba a san asalinsa ba, ko kwanon da murfinsa ya lanƙwashe, duk ɗaya ake ɗaukarsu. Wannan kuwa kuskure ne babba, domin sau da yawa zumar da ta fito daga amya da kyanta a cikin mazubi take lalacewa, sannan a ɗora laifin a kan wanda ya sayar.

Maganar ta fi nauyi a ƙasar 'Yargoje da maƙwabtanta na Faskari da Sabuwa. Nan ne kudancin Jihar Katsina, inda ruwan sama ya fi yawa, inda ɗorawa da kaɗanya da tsamiya ke ba ƙudan zuma furen da yake kiwo a kai. Sai dai rashin tsaro ya sa shiga daji don ɗora amya ko ɗebe zuma ya zama kasada da rai, kuma harin da aka kai wa garin 'Yargoje a watan Yuni na 2024, wanda ya ci rayuka masu yawa, ya isa shaida. Abin da aka samo da irin wannan wahala bai cancanci a bar shi ya yi tsami saboda rashin murfi ba.

Domin mai karatu ya gane dalili, sai a fara da sanin abin da zuma ta ƙunsa. Kusan kashi 80 cikin 100 nata sukari ne, mafi yawansa iri biyu, wato furuktos da gulukos. Ruwan cikinta kuwa kashi 17 zuwa 18 ne kacal. Ƙudan zuma ne ke rage ruwan da fiffikensa, yana fifita saƙa har ta nuna, sa'an nan ya liƙe bakin kowane rami da kaki. Wannan ƙarancin ruwa shi ne asirin daɗewar zuma: ƙwayar cuta ko ta yis da ta faɗa ciki, sukari ne zai zuƙe mata ruwan jiki, ta kasa hayayyafa. Saboda haka ne hukumar Codex Alimentarius, wadda Hukumar Abinci da Aikin Gona da Hukumar Lafiya ta Duniya suka kafa a 1963, ta ƙayyade a cikin mizanin zuma na 1981, wanda aka sabunta a 2001, cewa ruwan zuma kada ya wuce kashi 20 cikin 100.

To, amma halin da ke kare zuma shi ne kuma rauninta. Yadda take zuƙe ruwan ƙwayar cuta, haka take zuƙar raɓar da ke cikin iska. Muddin danshin iska ya haura kashi 60 cikin 100, kamar yadda yakan yi a tsakiyar damina, buɗaɗɗiyar zuma za ta riƙa shan ruwa daga samanta. Da wannan ɓangare na sama ya tsinke, sai yis ɗin da ke kwance a ciki tun daga fure ya farka, ya shiga cin sukari yana fitar da iska da barasa. Alamarsa kumfa a sama, da warin tsami, da gorar da ta kumbura. Uwargida ta ga haka ta ce an cuce ta da zumar haɗi, alhali murfin da ta bari a sake ne ya yi ɓarnar. Jiƙaƙƙen cokali, ko ludayin da aka tsamo daga koko aka tsoma cikin kwalba, aikinsu ɗaya ne da na damina.

Abu na biyu, zuma tana da tsami na asali wanda zaƙi ya rufe. A ma'aunin tsami na pH tana wajen 3.9, kusa da ruwan lemon zaƙi. Wannan tsami yana cin ƙarfe a hankali. Bokitin da aka lulluɓe da tutiya, da gwangwanin da ya fara tsatsa, da kwanon sha da fentinsa ya ɓamɓare, duk suna sakin ƙarfensu a cikin zuma, su baƙanta ta, su ɓata mata ɗanɗano. Ƙarfen da ba ya tsatsa ne kaɗai ya tsira daga wannan zargi, shi ya sa manyan masu tace zuma suke amfani da shi.

Amma mafi hatsari duka shi ne galan ɗin maganin gona. Yankin ƙasar masara da auduga da waken soya ne, kuma kowace damina ana sayen maganin ciyawa da na ƙwari cikin robobi masu ƙwari da murfi mai kyau. Ganin kyan robar kan sa a wanke ta da sabulu a mayar da ita mazubin mai ko nono ko zuma. Ganin kitse ne ake yi wa rogo. Roba tana shanye wani ɓangare na maganin a jikinta, wanki ba ya fitar da shi duka, daga baya ya riƙa tsattsafowa cikin abin da aka zuba. Ƙa'idar da hukumomin duniya biyu da aka ambata suka shimfiɗa kan magungunan ƙwari ta yi hani ga sake amfani da irin waɗannan mazubai. Nijeriya ma ta ɗanɗana kuɗar sakaci da maganin ƙwari a 2015, lokacin da Tarayyar Turai ta hana shigar da waken ƙasar saboda yawan sinadarin dikulobos da aka samu a jikinsa. Abin da ya hana wake shiga Turai bai kamata ya shiga cikin zumar da ake ba mara lafiya ba. Robar magani, da ta fetur, da ta baƙin mai, maganinsu a ɗauraye, a huda, kada wani ya tsinta ya yi amfani da su.

Wane mazubi ne ya dace, ke nan? Shawarar da ta fi ƙarfi ita ce gida ya mallaki guda biyu. Na farko na ajiya: kwalbar gilas mai faɗin baki da murfi mai murɗawa, ko tangaran mai sheƙi da aka yi don abinci. Gilas ba ya shan wari, tsami ba ya cinsa, iska ba ta ratsa shi. Faɗin bakin kuwa yana da dalili. Zuma takan daskare ta yi tsakuwa-tsakuwa idan gulukos ɗinta ya rabu da ruwa, kuma hakan ya fi sauri a wajen digiri 14 na ma'aunin Salshiyos, irin sanyin daren hunturu. Daskarewa ba shaidar haɗi ba ce, halin zuma ne. Idan ta daskare a kwalba mai tsukakken wuya, fitar da ita sai an sha wuya.

Na biyu shi ne na amfanin yau da kullum: ƙaramar robar matsawa mai siririn baki da marfin da ke rufewa ruf, wadda za ta ɗauki zumar mako ɗaya ko biyu. Amfaninta, ba a tsoma komai a ciki; a matsa kan waina ko funkaso ko cikin fura, a goge baki, a rufe, tururuwa ta rasa abin bi. Babbar kwalba kuma ba za a buɗe ta ba sai ranar ƙari. A duba gindin robar: lamba 1 ko 2 ko 5 a cikin alamar kusurwa uku, ko hoton kofi da cokali mai yatsu, suna nuna irin robar da ake zuba abinci. Sai dai lamba kaɗai ba ta wadatar ba, domin galan ɗin maganin gona ma yakan ɗauki lamba 2. Tilas robar ta zama sabuwa, ko wadda aka tabbatar abinci kaɗai ta taɓa ɗauka. Su kuwa mazuban gilas na ƙawa da ake shigowa da su, masu ɗan sanda mai tsaga-tsaga ko murfi mai zamewa, yawancinsu ba sa toshe iska, don haka a zuba musu ta kwana biyu ko uku kawai.

Wani zai ce kakanni a gora da tulu suka ajiye zuma, ba su mutu ba, kuma gilas tsada gare shi, ga fashewa a bayan babur. Akwai gaskiya a nan. Gora da tulu ba su da guba, sun fi galan ɗin magani nesa ba kusa ba. Aibinsu shi ne jikinsu na da ƙofofi ƙanana da danshi ke ratsawa. Abin da ke sa randa sanyaya ruwa shi ne ke hana ta tsare zuma a damina. Batun ɗauka kuma, lita ɗaya ta zuma tana da nauyin kusan kilo 1.4, wato jarka mai lita 20 ta kai kilo 28, don haka ba mai hankalin da zai ce a yi fatauci da gilas. Sabuwar jarkar abinci ta isa hanya. Kuɗinta kuwa bai kai na zumar da za ta cika kwatarta ba. Araha ba ta ado.

Saura maganar zafi. A cikin zuma akwai sinadarai masu rai daga jikin ƙudan zuma, ɗaya daga cikinsu shi ke samar da abin da ke kashe ƙwayoyin cuta a miki. Zafi da hasken rana suna kashe su, suna kuma haifar da wani sinadari da ake kira HMF, wanda masu awo ke gane tsufan zuma da shi. Mizanin duniya ya ƙayyade miligiram 40 a kowane kilo, ko 80 ga zumar ƙasashe masu zafi. Kwalaben da ake jerawa a bakin titi cikin ranar Afrilu suna asarar darajarsu a kowace rana. Daskararriyar zuma kuma kada a ɗora ta kan wuta. A tsoma kwalbar a ruwan ɗumi da bai wuce digiri 40 ba, wato wanda hannu zai zauna a ciki ba tare da ƙuna ba. Kowane mazubi, in an wanke shi, a kife shi ya bushe ƙarau kafin a zuba.

Akwai gargaɗi guda da mazubi mafi kyau ba ya ɗauke shi: ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma. Takan ɗauki irin wata ƙwayar cuta da ke tsiro a hanjin jariri ta saki dafi mai shanye jiki, cutar da likitoci suka fara tantancewa a Amurka a 1976. Babba da yaron da ya wuce shekara ba ta cutar da su.

Ya rage ga hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, da malaman gona na jiha, da jami'o'in Katsina da Dutsin-Ma da Zariya, su kai wannan bayani kasuwanni da gidajen rediyo, su kuma taimaka wa ƙungiyoyin masu zuma da ɗan na'urar auna ruwan zuma, wadda ɗigo ɗaya ke isarta. Ƙanƙara ƙasar farar ƙasa ce, wadda da ita ake yin tangaran a duniya. Masu binciken ƙere-ƙere na da abin dubawa a nan. Kafin wannan ya samu, mai saye yana da tambaya ɗaya da ta fi kyasta ashana amfani: me aka taɓa zubawa a cikin wannan roba? Idan mai zuma ya kasa amsawa, a wuce gaba.