Wasiƙa Zuwa Ga Masu Sake Tayar Da Manyan Dodannin Sinima

Zuwa gare ku, daraktoci da marubuta da masu zuba jari, na Hollywood da na Tokiyo.

Na ɗauki alƙalami ne don na ga duk bayan 'yan shekaru sai ɗayanku ya koma rumbun tsofaffin fina-finai ya fito da Godzilla ko King Kong, ya ƙara masa tsawo da haƙora, ya sake shi a kan wani birni. Idan 'yan kallo suka fito daga sinima suna gunaguni, sai ku ce ba a iya musu. Ni ina cikin masu gunagunin, kuma ina so in gaya muku abin da muke nema, domin ba kullum bakinmu ke faɗinsa daidai ba. In kun tambaye mu, cewa za mu yi a ƙara wa dodo girma, a ƙara rushe benaye. Amma abin da ya riƙe mu shekara 70 shi ne tsoron da ya haifi dodon.

Ku tuna inda Godzilla ya fito. Ranar 1 ga Maris 1954 Amurka ta gwada wani gagarumin bam na nukiliya a tsibiran Bikini, tokarsa mai guba ta zuba a kan jirgin masunta na Japan mai suna Daigo Fukuryu Maru, da mutum 23 a ciki. Duka suka kamu da ciwo, mai kula da rediyon jirgin, Aikichi Kuboyama, ya rasu a watan Satumba, jama'a kuma suka riƙa gudun kifi a kasuwa. A watan Nuwamban shekarar kamfanin Toho ya fitar da fim ɗin Ishiro Honda, wanda ya buɗe da jirgin ruwa yana cin wuta bayan wani haske ya tashi daga teku. Waɗanda suka zauna kallo a ranar, shekara tara ke nan kacal da Hiroshima da Nagasaki, da kuma ruwan bama-baman da ya ƙone Tokiyo a Maris 1945. Da suka ga asibiti cike da masu rauni a kwance a ƙasa, likita yana gwada yaro da na'urar auna tiririn nukiliya, abin da suka gani da idonsu aka nuna musu. Akwai uwar da ta rungume 'ya'yanta a gefen titi, wuta na matsowa, tana rarrashinsu da cewa sun kusa haɗuwa da mahaifinsu. Har yau ban ga rushewar benen da ta kai wannan nauyi ba.

Wannan ne Roland Emmerich ya bari a baya a nasa Godzilla na 1998. Ya mayar da laifin gwajin bam kan Faransa, ya mayar da dodon wani ƙaton ƙadangare mai gudu a tsakanin gine-ginen New York, yana ɓuya, yana neman wurin saka ƙwai, daga ƙarshe jiragen yaƙi suka harbe shi a kan gadar Brooklyn. Dodon da makamin soja ke kashewa ya zama naman farauta. An samu kuɗi, amma ci gaban da aka tsara bai zo ba, kuma a 2004 Toho ta haɗa wannan ƙadangaren da Godzilla na asali a birnin Sydney, faɗan bai kai minti ɗaya ba.

Ba ina cewa ku yi ta maimaita 1954 ba ne. Ku nemo ciwon zamaninku. Hideaki Anno da Shinji Higuchi sun yi haka a Shin Godzilla na 2016, shekara biyar bayan girgizar ƙasa da ambaliyar teku da hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima. Kaso mai yawa na fim ɗin a ɗakunan taro yake, ministoci na jiran sa hannun juna, dodo kuwa yana sauya kama yana kutsawa cikin unguwanni. Japanawa sun gane gwamnatinsu nan take, suka cika sinima.

Wanda na fi so ku zauna ku yi nazarinsa shi ne Godzilla Minus One na Takashi Yamazaki, 2023. Jarumin, Shikishima, matuƙin jirgin ƙunar baƙin wake ne da ya ƙi mutuwar da aka aike shi ya yi, ya dawo Tokiyo da ta zama kufai yana ɗauke da kunya. Ya tsinci kansa da wata mata da jaririyar da ba ɗayansu ne ya haife ta ba, suka haɗa gida da kwano da katako. An ba mu lokaci mun san su, mun ga yarinyar ta fara tafiya. Don haka ranar da Godzilla ya shiga unguwar Ginza, mun san wanda ke cikin jirgin ƙasan da ya ɗaga da baki. Masu aikin kwamfuta 35 ne suka yi siddabarun fim ɗin, da kuɗin da bai kai kaso ɗaya cikin goma na manyan fina-finan Hollywood ba, kuma su ne suka ɗauki lambar Oscar ta wannan fanni a 2024.

Sai batun nauyi, wanda kwamfuta ta sa kuka yi sakaci da shi. A Godzilla na 1954, Haruo Nakajima ya shiga rigar dodon ta roba mai nauyin kilo kusan 100, Eiji Tsuburaya kuma ya ɗauki hoton da sauri don in an haska shi motsin ya fito a hankali. Kowane taku yana da nauyi. Yau kuna sa dodo mai tsawon bene yana tsalle da gudu, kyamara na shawagi a saman kansa, sai girman ya ɓace. Ku sauke kyamara ƙasa, daidai idon mutumin da ke gudu. Gareth Edwards ya san wannan a Godzilla na 2014, kuma ina tare da shi a kan jan rai da ya yi kafin ya nuna dodon, duk da cewa mutane sun yi ta ƙorafi. Inda ya kuskure shi ne kashe uban da Bryan Cranston ya fito a matsayinsa tun da wuri. Shi ne mutumin da muka damu da shi, da ya tafi sai jiran ya zama gajiya.

Akwai kuma gadon da ya kamata ku yar. King Kong na 1933 abin mamaki ne. Willis O'Brien ya motsa ɗan mutum-mutumi hoto bayan hoto har goggon biri ya samu rai da tausayi a saman benen Empire State. Amma fim ɗin ya nuna baƙaƙen mutanen tsibiri a matsayin 'yan daji masu sace farar mace su miƙa ta ga dabba. Peter Jackson ya sake yin fim ɗin a 2005 da ƙauna ta gaske, fiye da awa uku, Andy Serkis ya ba Kong fuskar da ke karya zuciya, amma mutanen tsibirin suka fito sun ma fi na da muni. A matsayina na baƙar fata, wannan sashen yana ci mini rai duk lokacin da na kalla. Kong: Skull Island na 2017 ya mayar da labarin 1973, ƙarshen yaƙin Biyetnam, ya sa sojojin da suka iso da bama-bamai su ne masu ta da fitina, mazauna tsibirin kuma mutane masu zaman lafiya da Kong ke karewa. An gyara rabi ke nan, domin ko a nan ba a ba su baki ba. Wanda zai sake komawa tsibirin nan a cikinku, don Allah ya ba mutanensa suna da harshe, ya bar ɗayansu ya gaya mana yadda ake noma da aure da binne mamaci a gindin bangon da Kong ke bayansa.

Ku huta lafiya.

Naku,
Wani mai kallo